Mai Fenti a Lambun Baba

Mijin yayata ba mugu ba ne. Na fara da faɗin haka ne saboda duk wanda ya ji abin da ya yi wa mahaifinmu zai ɗauka da gangan ne. Wallahi ba da gangan ba ne. Da da gangan ne ma, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Fenti yake sayarwa a cikin gari, kuma kowa Mai Fenti yake ce masa. Shekara goma sha huɗu yana zaman lafiya da gwangwanayensa, har ranar da wani mai barin gari ya sayar masa da tsohuwar kyamara, baƙa, mai dogon hanci, da jakarta da sandunan nan uku da ake kafa ta a kai. Daga ranar muka rasa gane kansa. Ya sayi hula mai faɗin baki da riga mai aljihu goma sha biyu. In ka je sayen fenti sai ya tsare ka da bayanin gajimare. In Yaya ta kawo abinci, ba mai sa hannu sai ya ɗauki tururin da ke tashi, kafin ya gama kuwa abincin ya huce.

"Mutane ba sa gani," in ji shi. "Kallo kawai suke yi. Ni kuwa shekara goma sha huɗu ina cikin launi. Akwai wanda zai gaya mini shuɗi?"

"Akwai," in ji Yaya. "Matar da ka sayar wa kore jiya."

Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa: hoton kirki ba ya son ƙarfe, ba ya son roba, ba ya son waya. Duk wani kayan zamani, a wurinsa datti ne a cikin hoto. Ƙadangare kaɗai ya ɗauka sun fi ɗari uku. 'Ya'yansa kuwa bai taɓa ɗaukar su ba, wai rigunansu suna da rubutu.

To, Baba yana da lambu a ƙauyenmu. Shekara talatin yana jan guga daga rijiya yana ban ruwa, har kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa, hula ma sai da hagu yake sa ta. Bara ƙungiyar manoma ta ba shi injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, da farantan sola biyu da dogon tiyo. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: bayan shekara, kowa ya kawo hotuna wurin taro, a ga injinsa yana aiki, a ga lambunsa ya yi kore. Lambunan sun kai arba'in, ba za su iya zagaya su duka ba. Wanda bai nuna ba, a ɗauke injin a ba na gaba a layi. Na gaba a layin kuwa Dogo ne, wanda shinge ɗaya ya raba lambunsa da na Baba, kuma tun ranar da aka kafa injin nan yake leƙe.

Ni koyarwa nake yi a makarantar firamare. Na ce ranar Asabar zan je na ɗauki hotunan da wayata, minti biyar an gama. Kuskuren da na yi shi ne faɗin haka a gaban Mai Fenti.

"Da wannan?" Ya ɗaga wayata da yatsa biyu, ya dubi fasasshen gilashinta. "Malama, ina raye za a ɗauki lambun surukina da wannan? Ai sai a yi da ni a gari!"

Ya bugo wa Baba waya da kansa. Baba kuwa mutum ne mai tsananin kunyar suruki. Da Mai Fenti zai ce a yi wa awaki fenti, Baba sai dai ya tambayi wane launi. Ya amsa da "To, ɗana, Allah ya kawo ku lafiya."

Mun isa da hantsi, ni da shi da Yaya. Yana fitowa daga mota ya buɗe hannuwa, ya lumshe ido, ya ja dogon numfashi.

"Iskar karkara! Kun ji? Wannan ita ce iskar da ba a taɓa ba."

"Matso daga nan," in ji Inna, mahaifiyarmu. "Garken awaki ne a bayanka."

Da ya buɗe ido sai ransa ya ɓaci. Rufin kwano ta ko'ina, ga turakun lantarki, ga famfo a tsakar gida, ga wani ya wuce a kan babur yana waya.

"An ɓata ƙauyen nan," ya ce, cikin jimami kamar mai ta'aziyya.

"Ƙwarai," in ji Inna. "Mu muka ɓata shi. Mun gaji da duhu."

Ya roƙe ta ta ɗauki tulu a ka ta tsaya gindin bishiya. Ta ce rabonta da tulu shekara ashirin, kuma wanda ya rage kaza ce ke kwanci a ciki. Ya ce a fitar da kazar. Ta ce ya fitar. Ya zura hannu. Da ya zaro shi yana yarfewa, sai ya ce dama tulun ya fi kyau a inda yake.

Muka tarar da Baba a lambu, ya sa sabuwar rigarsa saboda hoto, ya wanke farantan sola har suna ɗaukar ido. Injin yana ta ƙugi a hankali, ruwa yana bin tiyo yana malala cikin fangalin tumatir. Kabeji ya yi kawuna, albasa ta miƙe. Ni dai na ga babu abin da ya rage sai a danna.

Mai Fenti ya zagaya Baba sau biyu yana girgiza kai.

"Baba, cire takalman robar nan. Da agogon. Da tabaran."

"Ɗana, ba na gani in ba su."

"Ba kai za ka gani ba, Baba, kai za a gani. Rigar nan kuma ta yi sabunta da yawa. Manomi na gaskiya..." Idonsa ya faɗa kan mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a tsakiyar lambu. "Yawwa! Ga riga!"

Haka mahaifinmu ya yi musayar riga da mutum-mutumi. Shi ya tsaya ba takalmi, cikin tsumma, yana ƙifta ido. Mutum-mutumin kuwa ya fito fes.

"Injin fa suke son gani, ɗana," in ji Baba a hankali.

"Bar mini wannan, Baba. Za su ga abin da ya fi inji. Za su ga ruhin lambun."

Baba ya karkato wajena, ya rage murya. "Auta, shi ruhin nan yana cikin takardar da suka aiko?"

Kafin na ba shi amsa sai ga kan Dogo ta saman shinge. Ya daɗe yana saurare, kuma Dogo ba wawa ba ne.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ai tun daga nesa na gane ƙwararre ne. Ni dai jahili ne, amma kamar baƙaƙen farantan nan suna ɓata maka waje, ko?"

Mai Fenti ya juyo kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwansa a baƙon gari. "Ka gani? Ka gani? Mutumin karkara, amma yana da ido!"

"Ina da zana a nan," in ji Dogo. "In kawo a rufe su?"

Na ce kada a rufe. Na ce da hasken rana injin yake aiki. Mai Fenti ya ce, "Malama, a aji kike da iko. Nan fagena ne." Dogo ya tsallako da zanar da yake shanya harawa a kai, har da ragowar ganye a maƙale, ya lulluɓe farantan da hannunsa, ya ɗaure da igiya. Ni kuma na ciro wayata na ɗauke su, don kawai in nuna wa abokan aikina irin mijin da yayata ta samo mana.

Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

"Na ji ya yi shiru," in ji Baba, yana lalube da ido.

"Haka ake so, Baba. Shiru shi ne muryar daji."

Saura tiyo. Ja ne, kuma duk inda ya juya kyamara sai ya gan shi kwance tsakanin shuke-shuke. Ya jawo shi daga fangali, ya ajiye a dama, ya shigo hoto. Ya mayar hagu, ya sake shigowa. Daga ƙarshe ya naɗe shi ya rataya a kafaɗa, ya cusa bakin a ƙarƙashin madaurin jakarsa, daidai ƙeyarsa. "Yanzu in ga ta inda zai shigo," ya ce.

Ya kafa sandunansa, ya leƙa, ya ɗago. Har yanzu akwai abin da ya rage.

"Babu rai a wurin nan. Ina dabbobi? Me ya sa kuka kulle bayin Allah a garke? Dabba a sake take da kyau."

"Kada ka buɗe!" Ni da Yaya da Inna muka haɗa baki.

Ya riga ya buɗe. Awaki goma sha ɗaya suka fito, ba su tsaya kallon bishiya ko gajimare ba, kai tsaye suka nufi kabeji. Inna ta suri kara, Yaya ta cire takalmi ɗaya, suka bi su. Shi kuwa yana bayan kyamara yana ihu.

"Ku fita! Kun shiga hoto! Inna, zanenki yana da launi da yawa! Baba, kada ka motsa, dubi nesa, kamar kana tuna ƙuruciya!"

"Me ke faruwa a nesan?" in ji Baba. "Kamar ina jin tauna."

Babban bunsurun bai damu da kabeji ba. Shi ƙamshin harawa ya ji. Ya je ya ɗora ƙafafun gaba a jikin farantan, ya kama bakin zana, ya fizga. Igiyar Dogo ta kwance. Rana kuwa tana tsaka, ta faɗa kan farantan gaba ɗaya.

Na ji injin ya yi tari. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna an ce a aji nake da iko.

Ruwan farko ya ɗauke masa hula. Na biyu ya shiga ta wuyan riga ya cika aljihu goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Tiyon da ya naɗe a kafaɗa ya kumbura, ya fara murɗawa, shi ma ya fara juyi da shi, hannu ɗaya ya ɗaga kyamara sama yana ihun "A kashe! A kashe ranar!" Ya ja da baya ya yi karo da sandunansa, ya sake ja da baya ya yi karo da bunsuru, sai ga shi rigingine a fangalin tumatir, ƙafafu a sama, ruwa yana tashi ta tsakaninsu.

Ya kamata na taimaka, na sani. Amma babban yatsana ne kawai ya yi aiki. Hoto goma sha tara na ɗauka ina dariya har da hawaye.

Abin takaici, kyamarar ba ta jiƙe ba. Da ya bushe sai ya tattara kayansa ya zagaya bayan shinge, wai can ne bai gurɓata ba, ya yini yana ɗaukar abin da shi kaɗai ya sani. A hanyar komawa na ce ya nuna mana. Ya rungume jakar.

"Ba a ganin aiki sai ranar aiki. Na ɗauki duk abin da ya kamata."

Na yarda, kuma wannan laifina ne.

Ranar taro zauren ƙungiya ya cika maƙil, manoma a kan bencina, an saki labule an kunna majigi yana haska bango. Sakataren ƙungiya yana gaba da takarda da biro, wani ɗan siririn dattijo da tabarau a ƙarshen hanci, wanda na tabbata bai yi dariya ba tun da aka haife ni. Manoma suka yi ta nuna nasu: hotuna a karkace, wani rabin kansa ya yanke, wani yatsan mai ɗauka ya rufe kusurwa, amma kowanne ga mutum, ga inji, ga ruwa. Sakatare ya duba ya ce, "Ya yi. Na gaba."

"Dubi ɓarna," in ji Mai Fenti a kunnena. "Ko haske ba su sani ba."

Da aka kira Baba, kafin ya miƙe surukinsa ya isa gaba, da hular da rigar.

"Jama'a, abin da za ku gani yanzu ba hoto ba ne, tunani ne. Na yi tafiya, na zauna da ƙasa, na saurare ta."

"Lambar inji?" in ji Sakatare.

"Za mu zo nan. Na farko, na sa masa suna Kaɗaici."

Ƙadangare ne a kan dutse.

"Na biyu, Ƙishirwa."

Busasshiyar ƙasa ce, ta tsattsage. Na gane wurin, bayan shinge ne, inda Inna ke zubar da toka. Zauren ya fara guna-guni.

"Na uku, Lokaci." Wani kututture da gara ta cinye. Na huɗu tulun kaza. Na biyar gajimare. Na shida wani ƙadangaren, ya ce ba wancan ba ne.

"Na ƙarshe, Haƙuri."

Baba ne, ba takalmi, cikin tsummar mutum-mutumi, ya ƙanƙance ido yana duban nesa. An ɗauke shi daga ƙasa, ta yadda babu ko ganye ɗaya a bayansa sai sararin sama. Wata mata a bayana ta ce, "Allah sarki, tsohon nan, haka ya koma?"

Sakatare ya ajiye biro. "Ina injin?"

"Babu shi," in ji Mai Fenti, yana hura hanci. "Kuma ba ƙaramar wahala na sha ba. Ku duba da kyau, ko ƙusa ɗaya ba za ku samu ba."

"Ina ruwa?"

"Ruwan yana cikin zuciyar mai kallo."

"Mu a cikin fangali muke son sa." Sakatare ya juya ga Baba. "Malam, abin da aka nuna mana shi ne busasshiyar ƙasa da mutum cikin tsumma. Ƙa'ida kuwa ka san ta."

Dogo ya miƙe, ya haɗa hannu a ƙirji. "Ni dai ba na son in ce komai, maƙwabcina ne. Amma in an rasa inda za a kai injin, ina da wuri a gyare."

Na dubi Baba. Ya cire hularsa da hannun hagu, ya riƙe ta a cinya, yana kallon hannunsa na dama. Na san abin da yake gani: guga. Dariyar da na yi mako guda ina yi ta ɗauke, na ji tsoro, na kuma ji haushi, na kaina ma fiye da na kowa. Yaya ta damƙi hannuna har sai da na ji zafi.

"Wayarki," ta ce. "Je ki."

"Mijinki ne fa a ciki."

"Ubana ne a waje. Je ki!"

Na miƙa wa mai majigi wayar. Mai Fenti ya ce, "Malama, kada ki ba da mu, wannan ba wurin wasa ba ne." Sai bango ya yi haske.

Ga shi nan, ƙafafu a sama, baki a buɗe, hula tana iyo. Ruwa ya tashi ya fi tsayin mutum. A bayansa ga inji, lambarsa ɓaro-ɓaro, ga faranti biyu suna ƙyalli, ga tumatir ja wur, ga kabeji layi-layi har bakin shinge, ga mutum-mutumi cikin sabuwar riga.

Zauren ya fashe da dariya. Wani ya faɗo daga benci. Matar da ta ce "Allah sarki" ta kifa kai a bayana tana bubbuga mini kafaɗa. Sakatare kuwa ya ɗauki bironsa, ya matsa kusa da bango.

"Inji, akwai. Faranti, biyu. Tiyo, akwai. Ruwa..." Ya gyara tabarau. "Ruwa akwai sosai. Na gaba."

Aka yi ta wucewa. Mai Fenti yana juyi. Mai Fenti da bunsuru. Inna a guje da kara. Sai aka zo kan na farko da na ɗauka: wani dogon mutum yana ɗaure zana a kan farantan ƙungiya, yana murmushi.

"Dogo," in ji Sakatare, "wannan ba kai ba ne?"

Dogo ya ce rana ce ta yi yawa, tausayin farantan ya ji. Sakatare ya ce shi ma ya tausaya masa, don haka an mayar da sunansa ƙarshen layi ya huta. Ya rubuta wani abu, ya dubi Baba ya ce, "Injinka naka ne." Baba ya mayar da hularsa.

Mun zaci Mai Fenti zai sayar da kyamara. Ina! Kwana uku kawai ya yi ba ya fita, a rana ta huɗu ya ce jama'ar ba su kai matsayin fahimta ba ne.

Da sabuwar shekara ta zo, ƙungiya ta buga kalanda, ta raba wa manoma, kuma hoton da suka sa a gaba shi ne na ƙafafu a sama. Inna ta rataye tamu a falo, daidai inda baƙo zai fara gani. Ranar da muka kai ziyara, Mai Fenti ya tsaya a gabanta ya daɗe, hannu a baya, yana karkata kai.

"Ba laifi," ya ce daga ƙarshe. "Don ni na zaɓi wurin, shi ya sa hasken ya zauna. Abu ɗaya ne kawai ya ɓata shi, wannan injin da ke baya."

Baba yana zaune yana shan shayi, kofin a hannunsa na dama, wanda ya koma ɗaguwa tun zuwan injin. Tun da aka yi auren nan bai taɓa mayar wa surukinsa magana ba.

"'Yan ƙungiya ma sun ce akwai abin da ya tare hoton, ɗana," ya ce. "Har sun so su yanke ka. Sai Sakatare ya ce a bar ka, in babu kai ba a gane ƙarfin ruwan."